Thomas Jefferson da Sally Hemings: Shugaban da Ya Mallaki 'Ya'yan Cikinsa

Ranar 1 ga Satumba 1802 wata jarida mai suna Recorder da ake bugawa a birnin Richmond na jihar Virginia ta fito da labarin da ya tayar da ƙura a siyasar Amurka. Ta ce shugaban ƙasa mai ci, Thomas Jefferson, ya daɗe yana ajiye da wata baiwarsa mai suna Sally a matsayin ƙwarƙwara, har ta haifa masa 'ya'ya.

Wanda ya rubuta labarin, James Callender, bai yi don kishin gaskiya ba. Ɗan jarida ne ɗan asalin Scotland, mashayi, mai kaifin alƙalami, kuma Jefferson da kansa ya riƙa tura masa kuɗi a lokacin da yake caccakar shugaba John Adams. Wannan caccaka ce ta kai shi gidan yari a 1800. Da Jefferson ya hau mulki ya yi masa afuwa, sai Callender ya nemi a saka masa da muƙamin shugaban gidan waya na Richmond. Aka hana shi. Wuƙar da Jefferson ya wasa ita ta juyo kansa.

Jaridun adawa suka yi ta yayata maganar, har waƙoƙin zambo aka tsara. Jefferson bai ce uffan ba. Callender ya nutse a kogin James a watan Yulin 1803, a 1804 kuma Jefferson ya sake cin zaɓe da ƙuri'u 162 na wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa, abokin takararsa Charles Pinckney ya tashi da 14. Kowa ya ɗauka magana ta mutu tare da mai ita.

Ba ta mutu ba. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari biyu kafin manyan masana tarihin Amurka su yarda cewa mutumin banza ya faɗi gaskiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne inda mutanen wancan zamani suka ga abin kunyar. A wurinsu laifin Jefferson shi ne ya kusanci mace mai jinin baƙar fata. Babu wanda ya ɗaga murya a kan cewa yarinyar dukiyarsa ce, ba ta da bakin cewa a'a, kuma 'ya'yan da ta haifa masa suna cikin lissafin kadarorinsa tare da dawaki da gonaki.

Dole a fara da yi wa mutumin adalci, domin ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi ranar 13 ga Afrilu 1743 a Shadwell, cikin Virginia, a gidan masu gandu. Ya karanci shari'a, ya shiga majalisar yankin a 1769, kuma yana da shekara 33 ya tsara takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, wadda ta ce an halicci mutane duka daidai. Shi ya rubuta dokar 'yancin addini ta Virginia da aka amince da ita a 1786, daga baya kuma ya bayyana cewa inuwarta ta rufe Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde. Ya yi gwamnan Virginia, ya yi jakada a Faransa, ya zama sakataren harkokin waje na farko a ƙarƙashin George Washington, ya yi mataimakin shugaban ƙasa, sannan ya mulki Amurka daga 1801 zuwa 1809. A zamaninsa aka sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803 a kan dala miliyan 15, cinikin da ya kusan ninka faɗin ƙasar. Shi ya sa hannu a dokar 1807 da ta haramta shigo da bayi daga Afirka tun daga farkon 1808. Bayan ya sauka ya kafa Jami'ar Virginia.

Wannan mutumin ne kuma ya mallaki 'yan Adam sama da 600 a tsawon rayuwarsa.

Yadda Sally ta shigo gidansa shi ne mabuɗin labarin. Jefferson ya auri Martha Wayles a ranar farko ta 1772. Shekara ta zagayo surukinsa John Wayles ya rasu, ya bar musu gadon fili kimanin eka 11,000, da bayi 135, da bashi mai nauyi. Cikin bayin akwai wata mata, Elizabeth Hemings, wadda uwarta Ba'afirkiya ce, ubanta kuma Baturen Ingila ne matuƙin jirgin ruwa. Elizabeth ta haifa wa Wayles 'ya'ya shida bayan mutuwar matarsa ta uku, autarsu ita ce Sally, wadda aka haifa wajen 1773. Ke nan Sally da uwargidan Jefferson uba ɗaya suke. Ƙanwar matarsa ce ta zo gidansa tana jaririya, cikin kayan gado.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya yin tuntuɓe a nan, domin abin da muka sani daban ne. A fiƙihun Musulunci ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana ɗaukar sunan uba, yana cin gado, uwar kuma ta zama ummul waladi, ba a sayar da ita, kuma tana 'yantuwa ranar da ubangidan ya mutu. Sarakuna da dama a ƙasar nan 'ya'yan sa-ɗaka ne, ba wanda ya hana su gadon gidansu. Ban kawo wannan don wanke bautar da aka yi a nan ba, domin rinji da kasuwar bayi sun ci rayuka masu yawa. Na kawo shi ne don a ga yadda dokar Virginia ta kifar da al'amarin. Tun 1662 majalisar yankin ta zartar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. A 1691 aka haramta aure tsakanin fari da baƙi. Bawa kuma ba ya ba da shaida a kan Bature a kotu. Idan aka haɗa waɗannan ukun, abin da ya fito shi ne: mai gandu zai iya haihuwa da baiwarsa, doka ba ta tilasta masa ya karɓi ɗan ba, uwar ba ta da inda za ta kai kuka, ɗan kuma ya ƙara masa yawan dukiya. Haka Wayles ya yi. Haka surukinsa ya zo ya yi da 'yar Wayles ɗin.

Martha ta rasu a watan Satumban 1782, bayan haihuwa shida, wadda biyu kacal a ciki suka girma. An ruwaito cewa a kan gadon mutuwa ta roƙi mijinta kada ya yi wa 'ya'yanta kishiyar uwa, kuma bai sake aure ba har ya mutu. A 1784 ya tafi Paris, ya tafi da wan Sally, James Hemings, don ya koyo girkin Faransawa. A 1787 ya aika a kawo masa 'yarsa ƙarama, Polly. Wadda aka haɗa ta da ita don ta kula da ita a cikin jirgi ita ce Sally, tana da shekara 14. Jefferson yana da 44.

Abin da ya faru a Paris daga bakin ɗanta Madison Hemings muka ji shi, a bayanin da ya yi wa wata jaridar Ohio a 1873. Ya ce a can mahaifiyarsa ta zama ƙwarƙwarar Jefferson, kuma lokacin komawa gida a 1789 tana da ciki. A Faransa bawa yana iya kai ƙara kotu ya nemi 'yancinsa, kuma masu kai ƙarar suna yin nasara. Sally ta fara jin Faransanci, ana biyan ta albashi, wanta ya ƙware a sana'a. Sai ta ce ba za ta koma ba. Madison ya ce Jefferson ya lallashe ta da alkawari biyu: za ta sami gata na musamman, kuma duk ɗan da ta haifa zai sami 'yanci idan ya kai shekara 21. A kan wannan ta yarda ta hau jirgi. Jaririn, in ji Madison, bai daɗe a duniya ba.

Ana yawan tambaya ko soyayya ce ko tilas. Ni ina ganin tambayar kanta tana buƙatar a yi mata gyara. Yarinya 'yar shekara 16, da ciki, a ƙasar da ba ta da kowa sai wanta, uwarta da 'yan uwanta duk suna hannun mutumin da ke gabanta. Ta yi ciniki, haka ne, kuma dole a yaba wa hankalinta da ƙarfin zuciyarta, domin abin da ta nema ta nema wa 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna. Amma alkawarin babu takarda, babu shaida, babu alƙalin da zai saurare ta in aka saɓa. Tana sauka Virginia ta koma abin da ake iya sayarwa. Wanda ba shi da ikon ƙi, ba a kiran yardarsa yarda. Ko me ke cikin zuciyar Jefferson game da ita, tsawon shekara 37 bayan dawowarsu bai taɓa sakin igiyar ba.

Ta haifi 'ya'ya shida a Monticello, gidan Jefferson da ke kan tudu kusa da Charlottesville, tsakanin 1795 da 1808. Huɗu suka rayu: Beverly a 1798, Harriet a 1801, Madison a 1805, Eston a 1808. A lura da shekarun. An haifi Harriet a shekarar da ya shiga ofis, Madison da Eston kuma bayan fallasar Callender. Ke nan duk surutun jaridu bai sa ya canza komai ba. Ya rubuta haihuwarsu a kundin gonarsa kamar ta sauran cucanawan gidan, ba tare da sunan uba ba. An koya wa mazan sassaƙa a wurin kawunsu John Hemmings, sun kuma iya kaɗa goge irin na Turawa, kayan kiɗan da Jefferson ya fi so. Ba a kai su gona ba. Amma Madison ya ce bai saba nuna musu ƙauna irin ta uba ba, alhali suna kallon yadda yake wasa da jikokinsa farare. Wannan jimla tasa ba ta da zafi, ba ta da zagi, kuma ita ce ta fi komai nauyi a cikin bayanin.

A daidai waɗannan shekaru bakinsa na faɗin wani abu dabam. A littafin da ya rubuta kan Virginia, wanda aka fara bugawa a Paris a 1785, ya ce jikinsa na rawa saboda ƙasarsa idan ya tuna Allah mai adalci ne. A cikin littafin dai ya ce yana zaton baƙar fata ba su kai farare basira ba, kuma idan an 'yanta su dole a kwashe su zuwa inda jini ba zai gauraya ba. Ya rubuta haka ne kafin Sally ta iso Paris, ya kuma maimaita ƙyamar gaurayar jini a wasiƙa a 1814, lokacin da Eston yake ɗan shekara shida yana yawo a tsakar gidansa.

Siyasarsa ma ba ta kuɓuta daga wannan tufka da warwara ba. Kundin tsarin mulki ya tanadi a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisa da ƙuri'un wakilai, abin da ya ƙara wa jihohin kudu nauyi. A zaɓen 1800 ya sami 73, Adams 65, kuma masana da dama na ganin ba don wannan ƙari ba da sakamakon ya juya. Louisiana kuwa, babban abin da ya sa Napoleon, mai mulkin Faransa, ya sake ta shi ne kashin da sojojinsa suka sha a hannun bayin da suka yi tawaye a Haiti. Jefferson ya ci ribar jininsu, sannan ya ƙi amincewa da ƙasar da suka kafa a 1804. Sai 1862 Amurka ta amince da ita. Filin da ya saya kuma ya zama sabon gandun auduga da rake, inda aka riƙa kora bayin Virginia ana sayarwa. A wasiƙar da ya aika wa surukinsa John Eppes a 1820 ya faɗa ƙarara cewa baiwar da ke haihuwa duk shekara biyu ta fi masa riba a kan namijin da ya fi kowa aiki a gona.

Masu kare shi kan ce ɗan zamaninsa ne, kada a auna shi da mudun yau. To a auna shi da mudun maƙwabtansa. Robert Carter, babban mai gandu a Virginia, ya fara 'yanta bayinsa a 1791, sun haura 450. George Washington ya bar wasiyya a 1799 cewa a 'yanta duk bayin da suke mallakinsa. Wani matashi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya rubuto masa a 1814 yana roƙon ya jagoranci yaƙi da bauta. Jefferson ya ce ya tsufa, aikin na matasa ne, ya kuma shawarce shi kada ya bar Virginia. Coles bai bi shawarar ba. A 1819 ya kwashi bayinsa zuwa Illinois, ya 'yanta su a hanya, ya ba magidantansu filin noma. Hanya tana nan, mutanen da Jefferson ya sani sun bi ta. Shi mutum biyu kawai ya 'yanta da takarda yana raye, Robert da James, dukansu yayyen Sally.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni takaici, wato yadda aka yi da shaida bayan mutuwarsa. Jikokinsa farare ba su musanta cewa 'ya'yan Sally suna kama da kakansu ba. Babban jikansa, Thomas Jefferson Randolph, ya gaya wa wani marubucin tarihi cewa baƙo ya taɓa ɗaga kai a wurin cin abinci ya firgita, saboda kamannin bawan da ke tsaye a bayan maigidan. Amma suka ɗora laifin a kan 'ya'yan 'yar'uwar Jefferson, Peter da Samuel Carr. Ga kuma Madison a gefe guda yana cewa ubana ne. Ga wani tsohon bawan gidan, Israel Jefferson, ya goyi bayansa a jaridar Ohio ɗin nan a 1873. Har ma'aikacin ƙidaya a Ohio a 1870 ya rubuta a gefen sunan Madison cewa wannan mutum ɗan Thomas Jefferson ne. Shaida biyu ke nan a gaban masana, ta jikoki masu mutuncin gida da za su kare, da ta tsofaffin bayi. Fiye da shekara ɗari manyan marubutan tarihinsa, har da Dumas Malone da ya yi masa juzu'i shida, suka karɓi ta farko suka watsar da ta biyu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce halin Jefferson bai yi kama da haka ba.

Marubuciyar tarihi Fawn Brodie ta ɗauki maganar Madison da muhimmanci a 1974, aka yi mata ca. A 1997 wata lauya baƙar fata, Annette Gordon-Reed, ta bi shaidun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi a kotu, ta nuna cewa ba a auna su da ma'auni ɗaya ba. Abin da ta jaddada kowa zai iya dubawa, domin Jefferson mutum ne mai rubuta komai, har ranar fitarsa da ranar dawowarsa. Duk da yawan zamansa a Philadelphia da Washington, yana Monticello a lokacin da aka ɗauki cikin kowane ɗa da Sally ta haifa a gidan, kuma ba ta taɓa ɗaukar ciki yana nesa ba.

A 1998 wani likita mai ritaya, Eugene Foster, ya shirya gwajin ƙwayar halitta ta DNA, ɓangaren da ɗa namiji ke gada daga ubansa. Da yake Jefferson bai bar ɗa namiji ta wajen Martha ba, sai aka gwada zuriyar baffansa, Field Jefferson. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a watan Nuwamba ya nuna jinin zuriyar Eston ya dace da na gidan Jefferson, bai dace da na gidan Carr ba. Labarin jikoki ya rushe. Gwajin shi kaɗai bai ware Thomas daga sauran mazan gidansu ba, shi ya sa wani kwamitin masana a 2001 ya karkata ga ƙanensa Randolph, sunan da jikokin nan ba su taɓa ambata ba. Gidauniyar da ke kula da Monticello ta haɗa gwajin da kundin tafiye-tafiye da bayanin Madison, ta ce a 2000 mafi rinjayen zato shi ne uban. A 2018 ta buɗe ɗaki na musamman da sunan Sally Hemings a gidan, ta ce a wurinta magana ta ƙare.

Akwai kuma hujjar da ke cikin aikinsa. A 1822 Beverly da Harriet suka bar Monticello, ba a bi sawunsu ba. Wakilin gandun, Edmund Bacon, ya ce da umarnin Jefferson ya ba Harriet dala 50 ya sa ta a keken doki mai zuwa Philadelphia. Su biyun suka shige cikin farare, suka ɓoye asalinsu. A wasiyyarsa ya 'yanta maza biyar, dukansu daga zuriyar Elizabeth Hemings, ciki har da Madison da Eston. A duk faɗin Monticello babu wata baiwa da dukan 'ya'yanta suka fita daga bauta sai Sally. Alkawarin Paris ya cika.

Jefferson ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826, rana ɗaya da John Adams, shekara 50 cif da shelar 'yanci. Ya bar bashin da ya haura dala 107,000, wani na gado, wani na gine-gine da littattafai da giyar Faransa, wani kuma na abokin da ya tsaya wa. A watan Janairun 1827 aka buga gwanjo a harabar gidan, aka tallata mutum 130. Joseph Fossett, maƙerin gidan, yana cikin biyar ɗin da aka 'yanta, amma wasiyyar ba ta haɗa da iyalinsa ba. Aka sayar da matarsa Edith da 'ya'yansu. Ya shafe shekaru a bakin maƙera yana tara kuɗin fansarsu. Ɗansa Peter, wanda aka sayar yana da shekara 11, bai fita daga bauta ba sai 1850.

Sunan Sally bai fito a wasiyyar ba. Dokar Virginia ta 1806 ta tilasta wa duk bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda sai in majalisa ta ba shi izini, kuma neman izinin yana nufin a karanta sunanta a zauren majalisa. 'Yar Jefferson, Martha, ita ta sallame ta da baki, ba takarda. Ta koma Charlottesville wurin Madison da Eston, ta ga jikokinta an haife su 'ya'ya, ta rasu a 1835. Ba ta bar wasiƙa ba, ba a zana hotonta ba, kabarinta ba shi da alama. Kafin ta rasu ta ba Madison wasu 'yan kayayyaki da ta adana na Jefferson, ciki har da tabarau da maɗaurin takalmi.